Mashayar da Ƙasa Ta Kasa Kayarwa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban tasi ne a Wolverhampton, a Ingila. Bai taɓa kurɓar giya ba tun da uwarsa ta haife shi, amma duk yankin nan da wuya ka sami wanda ya fi shi sanin mashayu. Da su ma yake kwatance. In ka tambaye shi hanya ba zai ce maka titi kaza ba, sai dai ya ce ka wuce mashaya kaza ka karya hagu, in ka ga mashaya kaza to ka zarce. Abin dariyar shi ne da yawa daga cikin waɗanda yake ambata babu su. Wannan ta koma kantin kayan masarufi, waccan an yanka ta ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya, wata kuma an share filin ana wankin mota. Sunan ne kawai ya maƙale a bakin direbobi.

Da na je masa ziyara a bazarar 2024, niyyata in ga tsohuwar ganuwar Dudley da gidan namun dajin da ke gindinta, in ɗauki hotuna in tura gida. Kawu ya ce za a je, amma sai ya fara kai ni wani wuri tukuna.

"Me ke wurin, Kawu?"

"Babu komai. Shi ya sa nake so ka gani."

Muka bi ta Sedgley muka gangara Gornal. Wannan yanki shi Turawa ke kira Black Country, wato Baƙar Ƙasa, kuma ba don launin mutanenta ba. Kwal ne a ƙarƙashinta, shimfiɗa guda mai kaurin kusan mita 9, a wasu wuraren ma dab da doron ƙasa. Shekaru aru-aru ana haƙa ana ƙonawa, ana narka ƙarfe, ana ƙera sarƙa da ƙusa da kwado, har hayaƙi ya rine sama da ƙasa. A nan kusa da Dudley aka fara kafa injin tururi na Newcomen a 1712 don zuƙe ruwa daga ramukan kwal. A Netherton, 'yar tafiya kaɗan daga inda muke, aka ƙera ƙatuwar ƙugiyar da ke tsayar da jirgin ruwan Titanic. Yau hayaƙin ya tafi, masana'antun sun bi shi, ciyawa ta rufe tudun toka. Amma ramukan suna nan a ƙarƙashin gidajen mutane.

A kan titin Himley Kawu ya sami gefe ya ajiye mota, muka shiga wata siririyar hanya da ƙafa. Bishiyoyi sun yi mata rumfa, ga ramuka cike da ruwan sama, ga tsohuwar gadar jirgin ƙasa da aka daina bi. Can gefe ana jin rurin manyan motoci, domin akwai wani makeken filin binne shara a maƙwabtaka, iska kuwa in ta juyo ba sai an gaya maka ba. Na ce a raina, wane irin mai neman kuɗi ne zai kafa wurin kasuwanci a wannan ƙurya? Ashe ba a kafa shi don kasuwanci ba tun farko.

Ƙarshen hanyar shingen ƙarfe ne. A jikinsa an ɗaɗɗaura ƙyallaye da allunan kwali waɗanda ruwa ya wanke rubutunsu, da busassun furanni, da tutar yankin mai zanen sarƙa. Ta cikin ragar shingen na leƙa. Fili ne, da ɓaraguzai, da ciyawar da ta fara cin wurin, sai manyan kwantenoni na ƙarfe a kulle. Kawu ya nuna su da haɓa ya ce a ciki aka tara jan bulon ginin, dubbai, waɗanda aka tsince ɗaya bayan ɗaya aka sa wa kwado don kada su yi ƙafa. Nan ne Crooked House ta tsaya, Karkataccen Gida, mashayar da ta fi kowace shahara a yankin.

A 1765 aka gina shi, gidan gona ne. Wajen 1830 ya koma mashaya, daga baya aka sa masa sunan Glynne Arms, saboda filin na Sir Stephen Glynne ne, yayan matar William Gladstone wanda ya yi firaministan Birtaniya har sau huɗu. Masu haƙar kwal suka yi ta rarake ƙasa ta ƙarƙashi, sai ɓangare ɗaya na ginin ya fara nutsewa a hankali, har ya zama gefe guda ya fi ɗayan ƙasa da kimanin mita 1.2. Tagogi suka karkace, ƙofa ta karkace, rufi ya bi su. A shekarun 1940 hukuma ta ce ginin haɗari ne, a rushe. Kamfanin giya na Wolverhampton and Dudley Breweries ya saye shi, ya tokare shi da ginshiƙai ta gefen da ya nutse, ya ɗaure shi da ƙarafa, ya bar shi a karkacensa. A haka ya ƙara shekara kusan tamanin.

Muna tsaye sai ga wani dattijo Bature da karensa. Ya gaishe mu da irin Turancin yankin, wanda sai Kawu ya riƙa maimaita mini rabinsa. Da ya ji baƙo ne ni daga Najeriya sai ya zaro waya, ya lalubo wani tsohon bidiyo. A ciki wani ya ɗora tsabar kuɗi a tsaye a kan katakon jikin bango, ya sake ta, sai ga ta tana gangarawa sama. Na karɓi wayar na sake kallo. Sama take hawa, ba tantama, har ta kai ƙarshen katakon ta faɗi, mutane suna shewa. Dattijon ya yi dariya har da tari. Ya ce ba tsafi ba ne: katakon ƙasa yake gangarawa, amma da yake bango da taga da komai na ɗakin sun karkata fiye da shi, sai ido ya ɗauki bango a matsayin miƙaƙƙe ya ƙaryata katako. Ya ce mutum kan shiga da hankalinsa garau, kafin ya kai kanta ya fara dafa bango, jiri na ɗibarsa, bai sha ko ɗigo ba. Tsohuwar barkwancin garin ita ce wai in ka ga ɗakin ya miƙe, to ka sha ya isa, tashi ka tafi gida.

Ya ce mahaifinsa ne ya fara kawo shi yana yaro, a zaunar da shi a waje da kwalbar lemo. A nan aka yi walimar auren 'yarsa. Ya nuna wani wuri a cikin ciyawa ya ce nan ƙofar take, ya ɗaga sandarsa ya karkata ta don in ga yadda take.

Yadda abin ya faru kuwa, kowa a yankin ya haddace shi. Kamfanin Marston's, magajin wancan da ya ceci ginin, ya sa mashayar a kasuwa a 2023. Ana cikin haka ɓarayi suka fasa ta suka yi ɓarna, aka rufe. A watan Yuli aka sanar cewa an sayar wa wani kamfani mai zaman kansa, kuma da wuya ta sake buɗewa a matsayin mashaya. Mutane suka fara tattara sa hannu, aka kai buƙata ga hukumar Historic England ta sa ginin cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta hana taɓawa. Ba a kai ga yanke hukunci ba. Daren Asabar 5 ga Agusta wuta ta tashi. 'Yan kwana-kwana suka iso suka tarar da tulin ƙasa ya tare hanyar, dole suka tsaya daga nesa suka yi ta haɗa mesa da mesa. Kafin gari ya waye rufi da cikin ginin sun tafi, bangaye ne kawai a tsaye. Ranar Litinin 7 ga wata katafila ta shigo ta baje su. Majalisar gundumar South Staffordshire ta ce abin da ta amince a sauke shi ne wani sashe na saman bene, don kada ya faɗo wa wani, ba ginin gaba ɗaya ba. 'Yan sandan Staffordshire suka ce suna binciken gobarar a matsayin wadda aka tayar da gangan, suka kama wasu mutane suka ba da belinsu. Magajin garin yankin West Midlands na lokacin, Andy Street, ya ce a sake gina ta bulo bayan bulo. A Fabrairun 2024 majalisar ta ba masu wurin umarnin su mayar da ginin yadda yake cikin shekara uku, su kuma suka ɗaukaka ƙara. A nan maganar ta tsaya lokacin da na je.

Dattijon na ba da labarin muryarsa na rawa. Ni kuwa, da karambanin baƙo, na tambaye shi yaushe rabonsa da shiga kafin gobarar. Ya yi shiru yana sosa kan karensa. Ya ce tun kafin korona. Hanyar ta lalace, in ji shi, ga wari, ga tsada, kuma abokan zamansa wasu sun mutu wasu ƙafa ta ƙi.

Da muka juyo Kawu ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ihu bayan hari ke nan." Ya ce shi shaida ne, domin shi ke kai mutane yana ɗauko su. A da, daren Juma'a da Asabar ba ya samun sukunin shan ruwa, daga wannan mashaya zuwa waccan har asuba. Yanzu aikinsa ya koma kai tsofaffi asibiti da kai yara makaranta. "Wannan ta Himley, a 'yan shekarun nan, in na kai mutum to baƙo ne irinka, ya ɗauki hoto ya ce in jira shi."

Ban ce Kawu ya yi ƙarya ba, amma na ga ya tsananta. Mutum na iya ƙaunar gidan kakansa ko da ya shekara goma bai leƙa ba, kuma in ya wayi gari ya ga an baje shi cikin kwana biyu ba da shawarar kowa ba, yana da haƙƙin ya yi kuka. Abin da ya fi ƙona wa mutanen nan rai, a yadda na fahimta, raini ne. Gini ya tsaya shekara 258, an rarake ƙasa a ƙarƙashinsa bai faɗi ba, hukuma ta yanke masa hukuncin kisa ya tsallake, sai ga shi mako biyu kacal bayan ya canja hannu babu shi.

Sai dai maganar Kawu tana da lissafi a bayanta. A shekarar 2000 mashayun Birtaniya sun haura 60,000. Yanzu suna wajen 45,000. Mafi yawansu ba wuta ta ci su ba, ba wanda ya rataya musu fure. Dalilan sun taru ne sun yi musu rubdugu. A 1989 gwamnati ta tilasta wa manyan kamfanonin giya su saki dubban mashayun da suka mallaka, sai suka faɗa hannun kamfanonin da harkarsu gidaje da haya ce, waɗanda in sun duba mashaya fili suke gani, da abin da filin zai kawo in an sayar. A Yulin 2007 aka hana shan taba a cikin wuraren taruwar jama'a a Ingila. Manyan kantuna suna sayar da giyar da araha ƙwarai, mutum ya saya ya kai gida ya zauna gaban talabijin. Korona ta zo a Maris 2020 aka rufe ko'ina, ana farfaɗowa kuɗin wuta da gas suka yi tashin gwauron zabi a 2022. Matasa kuma da yawansu ba sa sha kamar iyayensu. A yanki irin wannan akwai ƙarin dalili: mashaya ta masu aikin ƙarfe ce da masu haƙar kwal, waɗanda ke fitowa daga aiki da ƙishirwa da albashin mako a aljihu. Da masana'anta ta rufe, mashayar bakin ƙofarta kwananta ƙidayayye ne.

A matsayina na Musulmi ba zan zauna ina makokin giya ba, kuma duk wanda ya ga abin da take yi wa iyali, ko ya ji labarin abin da Kawu ke wankewa daga kujerar motarsa da tsakar dare, ba zai ce raguwar shanta asara ce ba. Amma na lura da wani abu a ƙasar nan. Bature ba shi da zaure, ba shi da dakalin ƙofar gida, sanyi ma ba zai bar shi ya zauna a waje ba. Abin da majalisar unguwa da teburin mai shayi suke mana, inda ake jin wa ya rasu, wa ke neman aiki, wa aka kwana biyu ba a gani ba, shi mashaya ce take masa. In ta rufe, tsoho irin mai karen nan ba wani wurin yake komawa ba. Gida yake komawa ya ja labule.

Doka ta ɗan farka, ko da yake a makare. Tun 2012 mutanen unguwa na iya yi wa mashayarsu rajista a matsayin kadarar al'umma, ta yadda in za a sayar sai an ba su lokaci su nemi kuɗin saye. Tun 2017 kuma ba a rushe mashaya a Ingila ko a sauya mata aiki sai da izinin hukumar tsara gari. Abin da ke ƙarfafa wa 'yan Himley gwiwa shi ne labarin Carlton Tavern ta Landan, wadda aka rushe ba izini a Afrilun 2015, majalisar Westminster ta tilasta aka sake gina ta yadda take, ta buɗe a 2021. Amma waccan miƙaƙƙen gini ce. Na yi ta tunanin maginin da za a ce wa ya ajiye ma'auninsa ya gina bango a karkace da gangan, kuma injiniyan gwamnati ya zo ya sa hannu cewa ya yi daidai.

Washegari muka je gidan tarihin Black Country Living Museum a Dudley, sai na ga ashe mutanen nan gwanaye ne a wannan sana'a. Gari guda suka haɗa daga gine-ginen da aka kwance daga wurare daban-daban, kowane bulo an sa masa lamba, aka kawo nan aka mayar da shi mazauninsa: kantuna, makaranta, ɗakin ibada, maƙera inda wani ke dukan jan ƙarfe yana haɗa sarƙa a gaban idonka. Akwai mashaya a ciki, Bottle and Glass, da aka ɗauko daga wajen Brierley Hill. A nan na fara sa ƙafa a mashayar Turawa, tunda gidan tarihi ne. Ɗaki ne ɗan ƙarami mai duhu, da bencin katako da ya sha zama har ya yi sheƙi, da murhu a bango. Akwai kuma Elephant and Castle, wadda asalinta a Wolverhampton take, aka rushe ta kwatsam a 2001, aka sake ƙera kwafinta a nan bayan shekara ashirin da 'yan kai. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallon giwar da ke saman ƙofarta. Ya ce har yau tsofaffin fasinjoji na ce masa ya sauke su a mahaɗar Elephant. Kyau kam ta yi kyau, tsaf-tsaf. Amma sai ka sayi tikiti kake shiga, kuma da yamma ake rufe gidan, daidai lokacin da mashayar gaske ke fara cika.

Da yamma Kawu ya ce saura wuri ɗaya, muka nufi Smethwick. Ya tsaya a Marshall Street, layin gidajen jan bulo manne da juna, ya nuna mini allon tunawa a jikin wani bango. Ranar 12 ga Fabrairun 1965 Malcolm X, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen Amurka, ya taka wannan layi, kwana tara kafin a harbe shi a New York. Avtar Singh Jouhl na ƙungiyar ma'aikata 'yan Indiya ne ya gayyato shi, domin a lokacin ana yunƙurin sa majalisar garin ta riƙa saye gidajen layin don kada baƙaƙe da 'yan Asiya su samu. Daga nan suka shiga mashayar Blue Gates, don ya ga da idonsa yadda akwai ɗakin da ba a sayar wa wanda ba fari ba. A ƙarshen wannan shekarar aka yi dokar farko da ta haramta irin wannan wariya a wuraren jama'a.

Na ji daɗi da Kawu ya kawo ni nan, domin tun jiya zancen da nake ji shi ne mashaya gidan kowa ce. Ba ta kasance ta kowa ba. Mutanen da suka zo daga Punjab da Jamaika suka yi aikin narka ƙarfe mafi zafi da ƙazanta, in sun tashi aiki sai a nuna musu wani ɗaki daban, ko a nuna musu ƙofa.

Yanzu kuma je ka ga waɗanda suka rage da rai a Smethwick da West Bromwich. Da yawansu a hannun 'ya'ya da jikokin waɗancan 'yan Punjab suke. Sun sayi mashayun da Turawa suka gaza riƙewa, suka kafa murhun gashi a baya. Muka tsaya a gaban wata da magariba ta kawo jiki, filin ajiye motoci ya cika maƙil. Ta taga ina hango Bature da matarsa, da Sikh mai rawani, da wasu samari baƙaƙe cikin rigar ƙwallon West Brom, da yara suna yawo tsakanin tebura, ana fito da farantan ƙarfe suna ƙauri, kaza da tsiren niƙaƙƙen nama a kan albasa. Ƙamshin ya biyo mu har cikin mota. Kawu ya ce rabin mutanen ciki abinci ya kawo su, wasu ma lemo za su sha su tashi, kuma a nan ne kawai har yanzu yake samun fasinjan dare.

Na ce to mu shiga mana mu ci naman.

Ya harare ni ta madubi. "Ka san wa ya yanka? Kuma so kake uwarka ta ji cewa na kai ka gidan giya?"

Ya tayar da mota. Muka ƙarasa wani shagon 'yan Pakistan a kan babban titi muka sayi gasasshiyar kaza da gurasa, muka yi sauri don mu sami jam'in magariba.